Tuna Baya: Ɗan Kuturu Daga Babbar Ruga

Yau in ka tsayar da mai adaidaita a cikin birnin Katsina ka ce ya bi da kai hanyar Batsari zuwa Babbar Ruga, zai ɗauka kana da majinyaciya a asibitin yoyon fitsari. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ba haka muka san sunan ba. A lokacin, Babbar Ruga na nufin kutare. In yara biyu suka yi faɗa a birni, ɗaya ya ce wa ɗaya daga Babbar Ruga ya fito, to zagi ya kai maƙura. Ni kuwa a can aka yanke mini cibiya. Mahaifina ya shiga wurin yana yaro majinyaci, ya tsufa yana ma'aikacin wanke miki, kuma a can ya zama Kirista. Abin da zan faɗa game da yadda Kiristanci yake kallon naƙasasshe, ba a aji na koye shi ba. A ɗakin wanke miki na gan shi, da kan bencin majami'a, da bakin teburin mai shayi.

Kada mai karatu ya ɗauka Katsina ta yasar da naƙasassunta. Tun da daɗewa makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka. Su ke sasanta rigimar mutanensu, su ke magana da yawunsu a gaban hukuma. Ranar Juma'a kuwa, daga bakin babban masallaci har zuwa Ƙofar Soro, za ka gan su jere, kuma da wuya ƙoƙon wani ya koma gida ba kwabo a ciki. Mutanen birni masu sadaka ne, wannan ba a musu. Sai dai gurbi ɗaya tak aka tanadar wa naƙasasshe, shi ne gurbin mai karɓa. In kuturu ne, har karɓar ma daga nesa ce, jefa masa ake yi kada hannu ya taɓa hannu. Wasu na cewa cutar gado ce, wasu su ce haɗa kifi da nono ke kawo ta, wasu su ce alhakin rantsuwa a kan ƙarya ne. Shi ya sa in tabo ya fito wa mutum, kafin a tambayi inda za a sami magani an riga an fara tambayar laifin da ya yi.

Gidanmu na asali Maguzawa ne daga wajen Malumfashi. Baba ya ce yana kiwon awaki aka lura da wani fili a bayansa, ya ɗan yi ja-ja, ba ya gumi, kuma in an tsikare shi da tsinke ba ya ji. Daga ranar aka ware masa ƙwaryar sha da akushi. Da saiwoyi da turare suka gaza, sai kawunsa ya ɗora shi a jaki suka yiwo arewa, domin an ji labarin akwai Turawa kusa da birnin Dikko masu yi wa kutare allura.

Yadda Turawan suka zo wurin ma labari ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi, don gudun saɓa wa sarakuna. Kuturta ce ta buɗe ƙofa. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, riƙon wuraren jinyar kutare na larduna uku: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. Aiki ne mai wuyar samun masu yi, su kuwa sun ce za su yi. Lokacin da Baba ya isa, a shekarun 1940, maganin da ake da shi wani mai ne na 'ya'yan icen da ke fitowa a ƙasashen Indiya, ana tsira shi a ƙarƙashin fata. Ya ce ranar allura manyan maza sukan yi kuka, amfaninsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sauƙi ya zo ne daga nan Najeriya. A Uzuakoli, asibitin kutare na 'yan Methodist a ƙasar Ibo, Dakta John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dapsone tana aiki in an sha ta baki kaɗan-kaɗan. A shekarun 1950 ƙwayar ta bazu a Arewa, Baba ya sha ta shekara da shekaru har aka ba shi takardar sallama. Amma kafin nan yatsu biyu na hannun hagunsa sun gajarce, sauran sun lanƙwashe. Ya koma gida, ya tarar ƙwaryarsa tana nan a ware inda ya bar ta. Sai ya juyo Babbar Ruga, aka koya masa karatu da aikin miki.

Na fara bin shi ɗakin wanke miki ne don in riƙe masa tire. Da sassafe majinyata suke jeruwa a kan benci, kowa da ƙafarsa a cikin baho. In fata ta jiƙa, sai a kankare kantar da ta taru, a shafa mai, a duba tsakanin yatsu, a naɗe inda ya fashe. Wari kam akwai shi, wanda bai saba ba ba ya cin abinci ranar farko. A nan na fahimci abin da yawancin mutane ba su sani ba har yau: kuturta ba ta cin yatsa da kanta. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano a 1873, kuma jijiyoyin ji take kashewa. Mace ta sauke tukunya daga murhu hannunta ya ƙone ba ta sani ba. Manomi ya wuni da ƙusa a tafin ƙafa. Na ga wadda ta farka da safe ɓera ya gwigwiyi yatsanta. Mikin da ba a ji shi ba, shi ke ruɓewa har ya ci ƙashi. Wani likitan mishan a Vellore ta Indiya, Dakta Paul Brand, shi ya fi kowa bayyana wannan ga duniya. Saboda haka rabin aikin su Baba koyarwa ne: a naɗe ƙotar fartanya da tsumma, a riƙa duba ƙafa kowane dare, a sa takalmin da ake yi da tsohuwar taya a shimfiɗa masa roba mai laushi a ciki. Yakan ce mana, wanda ya taka ƙaya ya yi ƙara, ya gode wa Allah.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar karɓar baƙi. Ba a iya gane cutar sai an taɓa mutum, a lalubi jijiyar gwiwar hannu a ji ko ta kumbura. Wata rana aka kawo wani dattijo daga wajen Jibiya, Baba ya miƙa masa hannu don su gaisa. Dattijon ya ja da baya, ya cusa hannuwansa cikin riga.

Ya ce, "Malam, ba ka ga hannun ba ne?"

Baba ya ɗaga nasa na hagu ya ce, "Na gani, Baba. Ga ɗan'uwansa nan. Kawo mu gaisa."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa kafin ya miƙa. Bayan an gama duba shi, ya ce tun da tabon ya fito fili ko jikokinsa ba a bari su hau cinyarsa.

A kan hanyar gida na tambayi Baba ko ba ya ƙyama. Ya ce, "Gyartai ba ya raina ƙwaryar da aka kawo masa don ta tsage, tun da ya san tana da mai ita. Mu gyartai ne kawai." Daga nan ya gaya mini abin da daga baya na gane shi ne tushen koyarwar Kirista a kan wannan batu. Littafin Farawa ya ce Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa. Kirista ba ya nufin Allah yana da hannu da ƙafa irin namu. Nufin shi ne an ba ɗan Adam wata daraja da dangantaka da Mahalicci wadda ba a ba sauran halittu ba. Baba ya ce tun da darajar ba a jiki take ba, to ba ta guntulewa in yatsa ya guntule, ba ta dushewa in ido ya mutu. Sarki da kuturun da ke bara a ƙofar fadarsa, awonsu ɗaya a wannan sikeli.

Tambayar da ta fi yawa a bakin majinyata ba ta magani ba ce. Akwai wata tsohuwa, Musulma, da cutar ta taɓa mata idanu har ba ta iya rufe su sosai. Kullum in Baba yana ɗiga mata magani sai ta ce, "Ɗana, wai mi na yi ma Allah?" Wata rana ya ajiye kwalbar ya ba ta labarin da ke cikin Bisharar Yahaya, sura 9: almajiran Yesu Almasihu sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, shi kuwa ya ce ba ko ɗaya. Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce malaminsu ma ya taɓa gaya mata cuta jarrabawa ce, kuma Annabi Ayuba ya sha ta ba don ya yi laifi ba. Baba ya ce, "To, Inna, kin ji daga baki biyu. Sauke kayan nan haka." Ta rasu a kan addininta, Musulmin wurin suka yi mata sutura, Baba yana cikin masu haƙa kabari.

Ba wai Littafi Mai Tsarki ba shi da wuraren da ke sosa ran kuturu ba. Ran nan a nazarin yammacin Laraba aka karanta Littafin Firistoci, sura 13, inda aka umarci mai irin wannan ciwo ya zauna shi kaɗai a bayan zango, yana shelar ƙazantarsa don mutane su kauce. Ɗakin ya yi tsit, domin kowa a wurin ya san zaman bayan gari. Wani saurayi ya ce ashe har a littafin Allah an kore su. Sai wani dattijon ikilisiya ya nemi magana. Mutum ne da ba shi da yatsa ko ɗaya, da dungu biyu yake riƙe littafinsa. Ya sa aka buɗe Markus, sura 1, inda kuturu ya durƙusa gaban Almasihu, shi kuma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ya ce, "Ku lura da kyau. Akwai waɗanda ya warkar daga nesa da magana kawai. Da ya so, da wannan ma haka ya yi masa. Maganar don cutar ce, taɓawar kuwa don mutumin ce. Kuma tun yana kuturunsa aka taɓa shi, ba a jira ya warke ba." Na yi karatu bayan haka, na saurari masu digiri a ilimin tauhidi, ban ji wanda ya fi wannan bayani ba.

A majami'ar wurin, ranar jibin Ubangiji, wanda ba ya iya ɗaukar gurasa sai mai rabo ya sa masa a baki, ya kai masa ƙoƙo leɓe. Sau da yawa mai rabon shi ma tsohon majinyaci ne. Su ne dattawa, su ke ƙirga baiko, su ke yanke shawarar gyaran rufi, matansu ke jan waƙa a zumuntar mata. A sauran ranaku suna gona, suna noman gero da gyaɗa, wasu na dukanci, wasu na saƙa. Wannan ne bambancin da na gani da idona: a can naƙasasshe yana bayarwa, ana kuma tambayarsa ra'ayinsa. Na tuna zuwan wani saurayi makaho da ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan ta SUM ta buɗe a 1953. Fitila ta mutu ana tsakiyar sujadar dare, mai karatu ya tsaya, shi kuwa ya ci gaba da bin ɗigo-ɗigon takardarsa da yatsa yana karanta mana. Washegari iyayen wata yarinya makauniya suka zo tambayar hanyar Gindiri. Daga wannan makaranta Bitrus Gani ya fito, makahon da ya zama babban jami'in gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Irin wannan tunani ne ya haifar da asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi, da makarantun kurame da Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa a Accra a 1957 da Ibadan a 1960.

In muka shiga birni sayayya, nan ake tuna mana ko mu su waye. Wata rana muka zauna wurin wani mai shayi kusa da kasuwa tare da abokin Baba, wani tela wanda kuma yake da makarantar allo a zaurensa. Mai shayi ya zuba wa Malam a kofi, ya zuba mini a kofi, da ya kai kan Baba sai ya dubi hannunsa, ya sunkuya ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur. Baba bai ce uffan ba, ya saba. Malam ne ya miƙa hannu ya ɗauke gwangwanin, ya tura wa Baba nasa kofin, ya kurɓa daga gwangwanin.

Mai shayi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai na kutare ne."

Malam ya ce, "Na sani. Wannan bawan Allah ya warke tun kana goye, kuma shi ya wanke wa yayana ƙafa shekara da shekaru, abin da ni ɗan'uwansa na kasa. Addini ya ce a yi hattara da cuta mai yaɗuwa, bai ce a wulaƙanta ɗan Adam ba. Allah da kansa ya ce ya karrama shi. Ka manta an saukar da sura saboda makaho?"

Yana nufin Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Tun daga ranar na san cewa mutunta naƙasasshe ba kayan gidan Kirista kaɗai ba ne. Kowane ɓangare yana da shi a littafinsa. Abin da ya yi ƙaranci a ko'ina shi ne wanda zai ɗauki gwangwanin.

Malam da Baba ba su yarda da juna a komai ba. Muhawarar da ake yi a duk inda mishan ta riƙe asibiti a Arewa, su ma sun yi ta a zaure. Malam yana ganin mara lafiya ba shi da ƙarfin cewa a'a ga mai ba shi magani, don haka haɗa jinya da wa'azi akwai lauje cikin naɗi. Sarakuna ma sun yi irin wannan ƙorafi, hukuma ta kuma sa sharuɗɗa a kan wa'azi, musamman ga yara. Baba yakan amsa cewa shi ba allura ce ta mai da shi Kirista ba, ganin waɗanda suka ci abinci da shi ne a lokacin da danginsa suka kasa. Amma yakan ƙara da cewa duk ma'aikacin da ya fifita majinyaci saboda addini ya rushe koyarwar da yake taƙama da ita, domin in daraja daga halitta take, to ba ta jiran baftisma. Mafi yawan waɗanda ya wanke wa miki Musulmi ne, kuma da Musuluncinsu suka koma gida.

Kiristoci kuma ba duka suka riƙe abin da littafinsu ya ce ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo a kan gwangwanin mai shayi. Mun taɓa shiga wata majami'a a cikin gari, Baba ya zauna a benci, kafin a gama waƙar farko bencin ya zama namu mu biyu. Da na isa aure na nemi wata yarinya, 'yar gidan masu bi, ubanta har wa'azi yake yi. Da aka bincika asalina sai wata gwaggonta ta aiko da karin maganar da kowane Bahaushe ya sani, wai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wani tsohon fasto ya je ya yi musu bayani cewa cutar ba gado ba ce, suka saurare shi da ladabi, suka ba shi ruwa, suka ba wani yarinyar. Na wuce arba'in tuni, yatsuna goma suna nan, na 'ya'yana da jikokina ma haka.

Daga baya wani salon ya shigo wanda ya fi wannan illa. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara yawaita tarukan warkarwa, ana kafa lasifika a fili ana kiran guragu da makafi su fito gaba. Ina da aboki da shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, gwanin gyaran rediyo, da keken hannu yake yawo, da sana'arsa ya aurar da ƙannensa. Muka je irin wannan taro tare. Wani baƙon mai wa'azi ya sa aka ciro shi daga kekensa, aka tsayar da shi, aka sake shi, ya zube a ƙasa a gaban jama'a. Sai aka shelanta a lasifika cewa bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Da muna komawa ya ce mini, "Ni sujada na zo yi, ban san gwaji za a yi da ni ba." Ya daɗe bai ƙara taka ƙofar majami'a ba.

Da na ba Baba labari, lokacin ya tsufa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce wannan tsohuwar tambayar almajirai ce ta dawo da sabuwar riga: da ana cewa zunubinka ne, yanzu ana cewa rashin bangaskiyarka ne, duka dai naƙasasshe ne mai laifi. Bai musa cewa Allah yana warkarwa ba. Amma ya tuna mini Manzo Bulus, wanda ya roƙi a cire masa wata damuwa a jikinsa har sau uku ba a cire ba, kuma ba wanda ya isa ya ce Bulus ba shi da bangaskiya. Ya tuna mini Mefiboshet, jikan Sarki Saul, gurgu ƙafa biyu, wanda Sarki Dawuda ya mayar masa da gonakin gidansu ya kuma zaunar da shi yana ci tare da 'ya'yan sarki. Baba ya ce, "Ka duba labarin har ƙarshe, ƙafafunsa ba su miƙe ba. Gona aka ba shi da wurin zama." Ya kuma ce a Bisharar Luka, sura 14, umarnin da aka ba mai yin biki shi ne ya gayyato matalauta da guragu da makafi su ci, ba a ce ya gyara su tukuna ba.

Babbar Ruga ta sauya a gaban idonmu. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, Turawan suka ragu har suka ƙare. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna uku, dapsone da rifampicin da clofazimine, wanda ke kashe cutar cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. A 1983 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da wasu da aka ware kamar kutare: mata masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta illata, mazan da yawa suka sake su. Ya fara yi musu aiki, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan jinya. Tsofaffin kutaren da suka zauna a kewayen asibitin ba su guje su ba. Na ga matansu suna kai wa 'yan matan nan kunu, suna zama da su a tabarma ɗaya. Wanda ya sha daga gwangwani ba ya bukatar a yi masa wa'azin ƙyama.

Abin da na ɗauko daga wannan rayuwa shi ne, tausayi ba shi ne mutuntawa ba. Ana iya jin tausayin mutum shekara hamsin ana jefa masa kwabo, ba a taɓa tambayarsa sunansa ba. Koyarwar Kirista, in an bi ta yadda na ga dattawan nan marasa yatsu sun bi ta, tana neman a gaisa da shi hannu da hannu, a ci da shi, a ba shi aiki, a ba shi 'ya, a zaɓe shi dattijo in ya cancanta. Duk majami'ar da ke da asusun taimakon naƙasassu amma ba ta da ko ɗaya a cikin masu yanke shawara, ba ta wuce bakin Ƙofar Soro ta ranar Juma'a ba.

Yanzu ma doka ta shigo cikin maganar. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, ta kuma ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wa'adin ya cika. Ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiyoyin Katsina, da limamai da kwamitocin masallatai, kowa ya fita ya dubi ƙofar wurin ibadarsa, ya ga ko mai keken hannu zai iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba, ko kurma yana da mai yi masa maganar hannu, ko makaho yana da abin karantawa. Iyaye kuma su daina ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki ko tura shi bara. Wanda ya ga tabo a jikinsa da ba ya jin taɓi, ya je asibiti tun yatsunsa suna nan. Kuturta ba gado ba ce, ba alhaki ba ce, mafi yawan mutane jikinsu ba ya ma kama ta, wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa ta, kuma maganin kyauta ne.